Tsohon Labari a Sabon Baki: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da adabin Hausa a sakandare, kuma tun da na ajiye alli, duk Asabar bayan la'asar wasu matasa masu son rubutu kan taru a zaurena a Tudun Wada, nan Zariya. A 'yan watannin nan kowa da tsohon labarin da yake son sabuntawa. Wannan Bayajidda, wancan Sarauniya Amina, wata kuma ta karanta labaran Girkawa a wayarta tana so ta sauke su a Samaru. Tambayoyin da ke ƙasa na gaji da maimaita amsarsu, shi ya sa na rubuta, kowa ya huta.

Malam, mene ne bambancin sabunta labari da fassara shi?

Ɗauki babbar rigar da ka gada daga kakanka. In ka kai ta marina aka rine, aka kai mabuga aka buge, rigar tana nan yadda take, launi kawai ya sauya. Fassara ke nan. In kuwa ka kai wa tela ya farke ta, ya fitar maka da kaftani da hula, amma aikin wuyan nan na aska takwas ya bar shi yadda duk wanda ya san kakanka zai gane, to ka sabunta. Mai sabuntawa yana da ikon sauya zamani, ko gari, ko bakin da ke ba da labarin, ko ma ƙarshensa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya farke rigar bai san wane ɗinki ne ya riƙe ta ba.

Tatsuniya, tarihihi, ƙissa: ba duk abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wanda ya cakuɗa su zai sha kunya. Tatsuniya ita ce ta Gizo da Ƙoƙi, wadda ake buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku" a rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san ƙirƙira ce tun daga farko. Tarihihi shi ne labarin da ya rataya a wuyan mutum ko wurin da ake ganin ya wanzu, amma baki ya yi masa ƙari: Bayajidda da rijiyar Kusugu, Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, Amina da ganuwarta. Ƙissa ta annabawa da sahabbai ce, tana da hukuncinta daban, zan zo kanta. Akwai kuma doguwar waƙar jarumta da wasu al'ummu suke da ita, irin ta Sunjata a ƙasar Mali ko Shahnama ta Farisa, wadda Firdausi ya kammala a 1010 da baiti wajen 50,000.

Gizo ba shi da dangi da za su kai ka ƙara. Daurama tana da su.

Wannan ba yayin Turawa ba ne muke kwaikwayo?

Wanda ya yi mini wannan tambaya, na ce masa ya tashi mu hau Keke Napep zuwa Tukur-Tukur in nuna masa ginin Gaskiya, tsohon kamfanin buga littattafai. Garin nan da muke zaune yana cikin wuraren da aka fi yin wannan sana'a a ƙasar Hausa. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta dawo Zariya a farkon shekarun 1930, ƙarƙashin Rupert East, kuma gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da littattafan zube na farko da muka karanta a makaranta. Bayan haka aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina, inda yake koyarwa, ya zo Zariya aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Akun nan mai riƙe ɗan sarki da hira don kada ya fita, tsohon salo ne daga Indiya da Farisa. Wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan Grimm suka fara bugawa a 1812. Amma ka tambayi duk dattijon da ya karanta shi a elementare, zai rantse maka a bayan gidansu abin ya faru. Fada ta zama fadarmu, waziri ya zama irin wazirin da muka sani, har zagin ma namu ne.

Misalin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Jarumin nan da ya tashi ba ya iya tafiya har wasu baƙi suka zo ya miƙe, asalinsa Iliya Muromets ne na waƙoƙin jarumtar Rashawa. Yara da yawa sun girma suna ɗaukarsa Bahaushe, kuma ban ga laifinsu ba.

Ko a zane haka abin yake. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, tatsuniyoyi da zanen gargajiyar garuruwansu suka ɗauko suka zuba a kayan aikin zamani. Saboda haka in kwaikwayo ne, kakanninmu muke kwaikwaya.

Ina so in rubuta labarin Sarauniya Amina. Har ina zan iya ƙari?

Nan zan daɗe, don ita ce aka fi tambaya, ita ce kuma aka fi ɓatawa.

Fara da sanin ɗan abin da aka rubuta, don bai da yawa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. A ɗaya ɓangaren, masu bin jerin sarakunan Zazzau suna ɗora Bakwa Turunku, wadda ake cewa ita ta haife ta, a wajen 1536. Ka ga tsakanin lissafin biyu akwai wajen shekara ɗari. Sauran abin da muka sani daga baki ne: kirarin "Amina 'yar Bakwa ta san rana", ƙanwarta Zariya da aka ce garin ya ci sunanta, ganuwar da ake jingina mata a garuruwa da dama, da rasuwarta a Atagara.

Wannan giɓin shi ne gonarka, ka noma yadda kake so. Me ta ce wa Zariya daren da za ta fita yaƙin farko? Wa ya yi mata kitso kafin ta sa kwalkwali? Matan da mazansu suka shekara suna haƙar ganuwa, me suke cewa in sun haɗu a bakin rijiya? Babu littafin da ya amsa, kuma babu mai hana ka amsawa.

Inda nake taka wa yarana birki wuri biyu ne. Na farko, kayan zamani. Wata ɗaliba ta kawo mini babi guda mai kyau, amma Amina tana shan shayi da madarar gwangwani a Turunku, baranta kuma yana karanta mata wasiƙa da boko. In da gangan ta yi don raha, da na yi dariya na wuce. Ba da gangan ba ne. Na ce mata, 'yata, hau mota ki je Turunku ki ga duwatsun, ki dawo ki tsaya gindin Kufena da hantsi, ki zagaya abin da ya rage na ganuwa wajen Ƙofar Gayan, sannan ki sake rubutawa. Da ta dawo, babin ya sami ƙura da zafin rana da ƙishirwar dawaki, shayin kuma ya ɓace da kansa.

Na biyu, zancen nan da ake yi cewa duk garin da ta ci takan kwana da namiji, gari na wayewa a kashe shi. Labarin baka ne, kuma duk wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai ji ƙamshin Sarki Shahriyar a jikinsa, an dai juya shi ne mace ta zama mai yanka. Ban ce kada ka taɓa shi ba. Amma ka tambayi kanka wa ya fara faɗinsa, kuma me ya tsone masa ido game da macen da ta fi shi riƙe takobi. Labarin da zai bi sawun wannan jita-jita, ya nuna yadda aka ƙaga ta a zauren wani da aka ci garinsu, ya fi wanda zai maimaita ta kawai daɗin karatu nesa ba kusa ba.

Fim ɗin Amina da Izu Ojukwu ya ba da umarni, wanda Netflix ta saki a 2021, ya tayar da irin wannan muhawara a nan, musamman kan harshe da sutura. Ni abin da na ɗauka daga hayaniyar shi ne mutanen Zazzau suna jin labarin nasu ne, kuma suna lura.

Zan iya ɗauko Bayajidda in kawo shi zamanin yau?

Ƙwarai. Rubutu mafi daɗi da aka taɓa karantawa a zaurena irin wannan ne. Wani yaro da ke zaune a Sabon Gari ya mai da Bayajidda baƙon ɗan acaɓa da ya sauka cikin dare a wata unguwa da famfo ya shekara bai kawo ruwa ba. Rijiyar burtsatse ɗaya ce a unguwar, wani mai kuɗi da ake wa laƙabi da Sarki ya sa mata kwaɗo, ba ya buɗewa sai ranar Juma'a, sauran kwanaki sai dai a sayi jarka wurin 'yan ga-ruwan da ke turo kurarsa. Baƙon ya roƙi wata tsohuwa ruwan da zai zuba wa babur ɗinsa da ya yi zafi, ta ce babu, ya karɓi bokiti ya nufi rijiyar. Da safe aka tarar an fasa kwaɗon, ga silifa ƙafa ɗaya a wurin, sai ga samarin unguwa kowa na cewa shi ne.

Muna cikin dariya wani dattijo maƙwabcina da ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ai Kusugu ce." Bai ji an ambaci Daura ko sau ɗaya ba. Ya gane ne saboda ƙashin bayan labarin yana nan: baƙo, ƙishirwa, mai hana ruwa, ranar Juma'a, tsohuwa, takalmin da aka bari, da maƙaryatan da suka yi da'awa. Maciji ya tafi, takobi ya tafi, labarin bai faɗi ba.

Gyara ɗaya na yi masa. Ya ƙare da biki, baƙo ya auri mai unguwar, shi ke nan. Na ce masa a tarihihin ai rigima bayan auren ta fara. Daurama ta ba shi ƙwarƙwara Bagwariya, ta haifi Karɓagari, Daurama kuma ta haifi Bawo, daga nan aka sami rabon Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Wato wanda ya buɗe rijiya shi ne daga baya 'ya'yansa suka raba gari gida biyu. Na tambaye shi, bayan shekara biyar wa ke riƙe da makullin burtsatsen? Ya yi shiru, ya naɗe takardunsa. Har yanzu yana kan babi na biyu.

Malam, labaran Girkawa cike suke da alloli. Ya halatta Musulmi ya taɓa su?

Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan iya faɗa na ɗan adabi ne. A makarantun zaure na cikin birnin nan an daɗe ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, na su Imru'ul Ƙaisi da Antara, don a ƙware a Larabci, ba a kuma ɗauki mai karanta su a matsayin mai bin addininsu ba. Ba da labarin abin da wasu mutane suka yi imani da shi daban, yin imani da shi daban.

Sannan sau da yawa ba ka ma bukatar allolin. Abin da ke riƙe da waɗannan labarai halin mutum ne: fushin jarumin da aka ƙwace wa ganima, matar da ta shekara 20 tana jiran miji, mutumin da ya gudu daga ƙaddara ya faɗa cikinta. Derek Walcott ya ɗauki jaruman Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, ya mai da su masunta a tsibirin Sant Lusiya a 1990. Ola Rotimi ya ɗauki labarin Idifus, mutumin nan da ya gudu daga ƙaddara, ya mai da shi sarkin Yarbawa mai suna Odewale a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya sa wasan ya yi magana a kan ƙabilanci da saurin fushi.

Ƙissoshin annabawa kuwa ba fagen ƙirƙira ba ne. Ba a sa musu magana a baki, ba a sauya musu ƙarshe. A zaurena wannan ba abin muhawara ba ne.

Me ya sa yawancin sababbin littattafan nan mata ne ke ba da labarin?

Saboda a tsofaffin an bar su tsaye a bakin ƙofa. A waƙar Odisiya ta Homa, Fenelofi, matar jarumin, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare shekara uku don ta yaudari manema, kuma da mijin ya dawo aka rataye kuyanginta 12 a 'yan layuka kaɗan aka wuce. Margaret Atwood ta ba ta baki, ita da kuyangin, a 2005. Femi Osofisan ya ɗauki wasan Yurifidis, wani tsohon marubucin Girkawa, na matan birnin Taroy ya mai da su matan Owu ta ƙasar Yarbawa bayan an ci garinsu.

Abin da ke ba ni dariya shi ne a wurinmu mata ne ma'ajin labari tun asali. Kakata a Kwarbai ita ke tara mu bayan sallar isha, fitilar ƙwai a gefe, tana ɓare gyaɗa tana ba mu Gizo. In wani ya yi gyangyaɗi sai ta sako sunansa cikin waɗanda Dodo ya haɗiye, nan take ya wartsake. Ba ta taɓa ba da tatsuniya ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. Amma in aka zo tarihihin sarauta, sai mata su koma sunaye kawai. Bagwariya ko sunanta na yanka ba a riƙe ba, da ƙabilarta ake kiranta. Ina jiran ranar da wata za ta kawo mini labarin daga bakinta.

Wanne ne labari na asali da zan dogara da shi?

Sau da yawa babu guda ɗaya. Labarin Alauddini da fitilarsa da na Ali Baba, da kowa ke ɗauka su ne zuciyar Dare Dubu da Ɗaya, ba sa cikin tsohon rubutun Larabcin da Antoine Galland ya fassara zuwa Faransanci daga 1704. Wani matashi mutumin Halab, Hanna Diyab, shi ya ba shi su da baki a Faris a 1709. Sunjatan da ake karantawa a makarantu shi ne wanda Djibril Tamsir Niane ya buga a 1960 daga bakin maroƙi guda, Mamadu Kuyate, alhali wasu maroƙan Mande suna da nasu zubin. Waƙar Kalebala ta mutanen Finlan wani likita ne, Elias Lönnrot, ya bi ƙauyuka ya tattara waƙoƙi ya ɗinke su a 1835. Labarin jarumi Gilgamesh kuwa ya kwana dubban shekaru a ƙarƙashin ƙasa a Ninawa ta ƙasar Iraƙi, a kan allunan yumɓu, sai a 1872 George Smith ya karanta ɓangaren ruwan ɗufana a gidan tarihi na Landan.

Namu ma haka. Yadda ake ba da labarin Amina a Zariya ba lallai ya zo ɗaya da na Suleja ba, inda gidan sarautar Haɓen Zazzau ya koma bayan jihadi. Abin da nake nema wurin marubuci shi ne ya san aƙalla zubi biyu ko uku, ya san wanne ya bi, wanne ya bari, da dalilinsa. In na tambaye ka me ya sa ka cire Ƙaura da Galadima daga labarin Kusugu ka ce ba ka ma san suna ciki ba, to ba sabuntawa ka yi ba, mantuwa ka yi.

Sai na nemi izini? Ba za a ce na yi sata ba?

Homa da Firdausi ba su da magada da za su neme ka. Amma fassarar da wani ya yi jiya tasa ce, sabuntawar da wani ya yi ma tasa ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, aikin adabi yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucin, saboda haka Magana Jari Ce ba gonar gayya ba ce, Imam a 1981 ya rasu. Dokar ta kuma tanadi kariya ga adabin gargajiya in za a yi kasuwanci da shi a wajen muhallinsa, don haka mai shirin fim ko babban bugu ya tuntuɓi Hukumar Haƙƙin Mallaka tun da wuri.

Ban da doka akwai kunya. In daga bakin wata tsohuwa ka ji labari, ka faɗa a gabatarwa, in littafin ya fito kuma ka kai mata goro.

Sai na iya Girkanci ko Larabci?

A'a. Hausa ce sai ka iya.

Da waƙa zan rubuta ko da zube?

Yawancin tsofaffin da waƙa aka yi su, don a haddace a rera. In kana da kunnen kari da amsa-amo, bismilla, mun daɗe ba mu ga doguwar waƙar labari ba. In ba ka da shi kada ka wahalar da mu. Wasan kwaikwayo ma hanya ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a dandalin wasan nan na ginin ƙasa da ke jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya san yadda tsohon labari ke tashi in an sa masa kalangu da 'yan amshi. Masu sa littafi babi-babi a WhatsApp su ma ban raina su ba, don mai ba da labari kullum dare ya tsaya inda ya fi daɗi, ai sana'ar Shaharzad yake yi.

To daga ina zan fara?

Daga gida. Kafin ka je Laburaren Kashim Ibrahim neman tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, nemi mafi tsufa a danginku, ka saya mata goro, ka kunna rikoda a wayarka. Kada ka ce mata "ba ni tatsuniya", za ta ce ta manta. Fara ba ta wadda ka sani, ka ɓata ta da gangan, ka ce Ƙoƙi ce ta ci amanar Gizo. Ba za ka kai tsakiya ba za ta katse ka ta karɓe. Bayan mako biyu ka koma ka sake naɗar wannan labarin dai, sannan ka zauna ka saurari biyun a jere da biro a hannu, kana rubuta abin da ta sauya da abin da ta ƙi taɓawa. Ranar Asabar ka zo mini da takardar, ƙarfe huɗu da rabi. Tabarma akwai, amma ka taho da ruwan shanka, unguwarmu ma sai an sayi jarka.